Shekarar da Asoka Ya Zo Ƙauyenmu

Wanda bai san arewacin Kano ba, idan ya bi hanyar Dambatta ko ta Bichi da damina, zai yi ta baza ido yana neman daji, ba zai gani ba. Daga bakin kwalta har iyakar ganinsa gona ce ke bin gona: gero da dawa da wake da gyaɗa a cakuɗe, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsakaninsu, kowace bishiya da mai ita. Kafin ka bar wata unguwa ka hango rumbunan wata. Ƙasa ce da ba a barin ta ta huta. Taki ne ke riƙe da ita, wanda iyayenmu ke kwasowa daga turke da juji, na kusa da birni ma har daga cikin ganuwa suke ɗauko shi a kan jakuna, mangala bayan mangala. Abin da ya raba gonar mutum da ta maƙwabcinsa bai wuce layin gamba ko cini-da-zugu ba, wani wurin ma kunya ɗaya ce da kowa ya san ta. A irin wannan ƙasa na tashi, a wani ƙauye na yankin Dambatta, kuma a can ne wani fim ɗin Indiya ya raba kan jama'a, aka kwashe rani guda ana muhawara a kansa.

Fim ɗin Indiya ya daɗe a birni kafin ya iso mana. Kwarori ne suka fara kafa gidajen sinima a Kano. Rex ta buɗe a 1937, daga baya Palace da Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba suka biyo baya, kuma tun shekarun 1950 da aka fara kawo na Indiya Bahaushe ya karɓe su hannu bibbiyu. Tsofaffinmu dai ba su taɓa sakin jiki da sinima ba. Gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum fiye da 300, har muka girma ita ake kawowa misali idan za a hana yaro zuwa kallo. Duk da haka 'yan ci-rani suna zuwa. Mutum zai yi ga-ruwa ko dako a birni wata huɗu, ya dawo da kuɗin taki da atamfar uwargida da labarin fim a bakinsa. Haka Mother India, fim ɗin 1957, ya shigo ƙauyenmu ta baki, shekaru kafin mu gan shi a allo. Labarin matar da mai ba da bashi ya cinye gonarta, ta ja garma da wuyanta ta raini 'ya'yanta, ba ya bukatar dogon bayani a wurin mutanen da suka san bashin da ake ci da bazara a biya da kaka. Daga baya talabijin ta zo, NTA Kano, sai kuma CTV da aka kafa zamanin Gwamna Abubakar Rimi, dukansu suna sa na Indiya. Mu da ba mu da lantarki, sai a gidan wani mai hali da ke da ƙaramar baƙi-da-fari da batirin mota.

Bidiyo da janareta su suka kawo mana abin har ƙofar gida. Namu gidan kallon ba gini ba ne. Fili ne a bayan teburin mai shayi, an kewaye shi da zana, an yi wa talabijin rumfar langa-langa saboda raɓa da ƙura. 'Yan bencina na manya, sauran wurin tabarmi ne da buhunan taki da aka farke aka shimfiɗa. Janareta yana can gefe a cikin rami, an jawo waya, don kada ƙararsa ta danne magana. Mai gidan kallon yakan je Ƙofar Wambai ya sayo kaset, ko ya karɓo haya a Dambatta ranar Lahadi idan kasuwa ta ci. Yaro naira biyar, babba naira goma, mai Murtala guda ya shigar da abokansa, wanda ba shi da ko sisi kuma ya san inda zana ta huje. Kuɗin kallon daga gona yake fitowa: kalar gyaɗa, ɗaurin harawa, ƙwadagon saran kara. Shi ya sa gidan kallo ba ya cika sai bayan kaka. Da damina, wanda ya wuni yana noman firi ko maimai ba ya kai isha'i idonsa biyu.

Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, amma ba mu taɓa jin an bar mu a baya ba. Akwai wani yayanmu a unguwa da ya daɗe yana dako a Fagge, makwancinsa ba shi da nisa da Plaza, ya ga fina-finai har ya san inda za a yi kuka da inda za a yi waƙa. Shi ke zama kusa da talabijin yana ba da ma'ana. Ba fassarar kalma da kalma yake yi ba, fuska yake karantawa da murya, ya haɗa da 'yan kalmomin da ya tsinta, ya mayar mana da su zancen gida. Sarkin Indiya a bakinsa yana magana da fadawa yadda hakimi ke yi, uwa kuma tana yi wa ɗanta faɗa da irin kalaman da muka baro a tsakar gida. Idan ya yi shiru, to wurin bai bukatar magana.

Fim a wurinmu yana da ƙa'ida, kowa ya san ta. Akwai akto, akwai bos, akwai yarinya, akwai mai ban dariya. Za a zalunci akto tun yana ƙarami, a kashe ubansa ko a ƙwace gonarsu, ya girma ya rama. Bos ba ya mutuwa sai ƙarshe, kuma mutuwarsa ita ce abin da aka biya kuɗi a gani. Jaruman ma an raɗa musu sunaye na gida: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Shah Rukh Khan, wanda muke kira Sharukan, na soyayya ne. Mun san shi a Dilwale Dulhania Le Jayenge da Kuch Kuch Hota Hai, yana buɗe hannuwa yana zubar da hawaye. Saboda haka da aka kafe bangon wani kaset a jikin zana bayan ƙaramar Sallar 2002, cikin hunturu, muka gan shi da dogon gashi da takobi, labari ya zaga unguwanni kafin magariba: Sharukan ya shiga yaƙi.

Sunan fim ɗin Asoka. Santosh Sivan ne ya ba da umarni, Anu Malik ya yi kiɗan waƙoƙin, ya fito a Indiya a watan Oktoban 2001, tsawonsa ya kusa awa uku. Ya fara da tsohon sarki, Candaragupta, wanda ya sauka daga mulkin Magada don ya koma ibada, ya jefar da takobinsa a ruwa. Jikansa ƙarami, Asoka, ya tsamo shi. Kakan ya gargaɗe shi cewa wannan ƙarfe, idan aka zare shi, ba ya bambance jinin nasa da na bare. Yaron bai ji ba. Ya girma jarumi, 'yan ubansa suka tsane shi, musamman Susima, mahaifiyarsa ta matsa masa ya bar gari ya yi zaman talaka don ya tsira da ransa. A can ya ari sunan dokinsa, Pawan, ya haɗu da Karwaki, wadda Kareena Kapoor ta fito a matsayinta, gimbiyar Kalinga da ke gudun hijira tare da ƙaninta Ariya, ƙaramin yaro magajin sarauta. Har nan komai yana kan ƙa'ida: waƙa a bakin ruwa, faɗa da maƙiya, ga wani takobi mai lanƙwasa da yake kaɗawa yana sare mutane ta kowane gefe. Washegari babu yaron da bai yanko tsohuwar tayar keke ya ɗaura a sanda ba.

Daga nan abin ya fara sauka daga hanyar da muka sani. Aka kira shi gida, aka yi masa ƙarya cewa Karwaki da Ariya sun mutu. Ya koma yaƙi ba ya tsoron mutuwa, ya ji rauni, wata mai bin addinin Buda, Debi, ta yi jinyarsa, ya aure ta. Makasan da Susima ya turo suka kashe mahaifiyarsa. Muka gyara zama, muka ce yanzu za a rama. Aka rama ɗin, amma ramuwar ba ta tsaya ba. Jinin 'yan ubansa ya zuba, ya hau karaga, ɗaya ya tsere Kalinga, ya ce a ba shi shi, aka hana, ya ɗaura yaƙi. Fuskar Sharukan ta sauya, ba murmushi, ba waƙa. A can gefe kuma aka nuna mutanen Kalinga, manoma da mata da tsofaffi, suna ɗaukar abin da ya sawwaƙa don kare garinsu, Karwaki a gabansu, ba ta san cewa sarkin da ke tafe shi ne Pawan ɗinta ba. Ina iya tuna yadda tafi ya ragu a gidan kallon. Wani daga baya ya tambaya da ƙarfi, "Yaya, wai a nan wane ne bos?" Mai ba mu ma'ana bai juyo ba, ya ce, "Ai ga shi nan kana kallo."

Asoka ya ci yaƙin. Da gari ya waye ya shiga filin yana ratsa gawawwaki, mata suna neman mazajensu. Ya ga dokinsa, ya bi shi, ya tarar da Karwaki a kwance da rauni. Sai ga Ariya yana kiran Pawan, yana murnar ganinsa, kibau a bayansa. Yaron ya cika a hannunsa. Babu wanda ya yi motsi a kan tabarma. Sarki ya koma wurin da kakansa ya jefar da takobi, shi ma ya jefar. Aka rubuta wasu layuka a allo, kaset ya ƙare.

Ba a taɓa tashi daga kallo da gunaguni irin na wannan dare ba. Wasu suka ce an yanke kaset ɗin, sai an nemo ci gabansa. Mai gidan kallo ya rantse iyakarsa ke nan. Mun saba fita muna kwaikwayon naushin ƙarshe, ran nan muka fita ba wanda za mu yi murnar mutuwarsa, domin wanda ya cancanci hukuncin shi ne wanda muka wuni muna so.

Da safe zancen ya koma teburin mai shayi, daga nan ya bazu zuwa inda ake sussuka da inda ake ɗaurin kara. 'Yan farauta da 'yan tauri, waɗanda lokacinsu ne na fita da karnuka da kiɗan gangi, suka ce fim ɗin ya lalace a ƙarshe: namiji ya ci ƙasa da ƙarfinsa, sannan ya zauna yana kuka? Wani babba a cikinsu ya fi su zurfi. Shi cewa ya yi tuban muzuru ne. Ka kashe 'yan'uwanka, ka kashe gari guda, babu sauran mai ja da kai, sannan ka ce ka daina faɗa. Da wa za ka yi? Ihu ne bayan hari. Wasu kuma suka tsaya a kan uwa: mutumin da aka kashe masa mahaifiya, duk abin da ya yi kada a ga laifinsa. Ba zancen wasa ba ne a lokacin. A watan da fim ɗin ya fito a Indiya, Oktoban 2001, an yi rikici a Kano, an rasa rayuka, kuma cikin masu wannan muhawara akwai waɗanda suka baro ci-raninsu suka gudo gida a ƙafa, sun ga abin da ba sa son faɗa.

Dattawa ba sa shiga gidan kallo, girma ya hana. Amma labari yana iske su a kan dakali. Akwai wani tsoho a unguwarmu, ɗan NEPU tun na farko, wanda har ya rasu hoton Malam Aminu Kano yana rataye a zaurensa. Jikansa ya kwashe labarin fim ɗin ya ba shi tun daga takobi har takobi. Da yamma samari na wucewa ya kira su.

"Ku zo nan, samari. Na ji kun ce sarkin nan ya yi abin kunya da ya ajiye makami."

Babban 'yan farautar ya durƙusa ya ce, "Baba, ai uwarsa aka kashe. Ko kai ne sai ka rama."

"Wanda ya kashe ta daban, mutanen garin can daban. Manomin da ya fito da lauje, me ya yi masa?"

Ba wanda ya amsa. Sai ya shiga ba su labarin da wasunmu ba mu taɓa ji daga bakinsa ba. Yadda aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, yadda katin jam'iyya kaɗai ya isa a kai mutum gaban alƙali, yadda 'yan doka suka ɗaure shi da igiya suka kora shi a ƙafa zuwa wurin hakimi, aka yi masa bulala mutane na kallo. Ya ce ba wai jininsu bai tafasa ba, kuma ba wai ba a taɓa ba-ta-kashi tsakanin samarinsu da 'yan Mahaukata na masu mulki ba, an yi. Amma abin da Malam yake nanata musu shi ne su fito fili su faɗi gaskiya, su jure ɗauri, kada su ba masu mulki hujjar da suke nema. "Da mun ɗauki wuƙa," in ji shi, "da tuni an gama da mu, kuma da an ce mu ne masu laifi." Ya ƙirga musu da yatsu: daga 1950 zuwa 1979, lokacin da PRP, jam'iyyar Malam, ta ci Kano, Rimi ya soke haraji da jangali. Kusan shekara talatin. Ya ce ranar da aka yi wannan shela ya tuna bulalar, bai ji zafinta ba.

A bakinsa na fara jin cewa akwai wata alaƙa tsakanin Malam Aminu da Indiya wadda ba ta fim ba. Sanannen abu ne cewa Malam ya karanta Gandhi, ya kuma ɗauki darasi daga salon gwagwarmayarsa. Gandhi shi ne wanda a 1930 ya taka kusan mil 240 a ƙafa zuwa bakin teku a Dandi, ya ɗebi gishiri don karya dokar Turawan Ingila, mabiyansa suka sha kulki ba su ɗaga hannu ba. Indiya ta sami 'yanci a 1947, shi kuma wani ɗan ƙasarsa ya harbe shi ranar 30 ga Janairun 1948. Tsohon bai san duk waɗannan ranaku ba, amma ya san sunan, ya kuma san cewa mutum ne marar riga da ya gagari Bature.

Limaminmu ba ya son gidan kallo, bai kuma ɓoye ba. Lokaci ne da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, har gwamnati ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci a ƙarshen 2000, ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma gaskiya raye-rayen da ke cikin Asoka ba irin waɗanda za a kalla a gaban surukai ba ne. Amma da wani ɗalibinsa ya ce, "Allah gafarta Malam, mutumin da ya kashe dubbai sannan ya yi nadama, me za a ce da shi?", bai kore tambayar ba. Ya ce addinin mutanen can nasu ne, ba shi zai yi musu hisabi ba. Nadama dai ta fi taurin kai a ko'ina. Amma in ana neman abin koyi, a dubi ranar da aka buɗe Makka a shekara ta takwas bayan hijira: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga da runduna, waɗanda suka kore shi suka kashe sahabbansa suna hannunsa, ya yafe musu. Wannan afuwa ce kafin a zubar da jini, alhali da ikon zubarwa. Ta sarkin Indiya kuwa ta zo bayan an gama. Da wannan ya ba ɗan farauta rabin gaskiya, ya ba tsohon NEPU rabi, aka tashi sallar magariba.

Matan aure ba sa fita kallo, amma kaset yana shiga gida. Da aka yi suna a gidanmu aka ɗauko hayar talabijin da janareta, aka sa shi a tsakar gida bayan isha'i. Mutuwar Ariya ta sa mata kuka har da masu jego. Kakata, wadda muke kira Iya, ba ta yi kuka ba. Ta ƙura wa filin gawawwakin ido, ta ce, "To wa zai nome gonakin waɗannan?" Ita ta tashi a hannun kakarta, wadda ta ga yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, da hare-haren Damagaram da suka biyo baya har suka taɓa Gezawa. Abin da aka ba ta labari ba wanda ya ci ko wanda aka ci ba ne. Rumbunan da aka ƙone ne, da shukar da aka bari ba a nome ba, da yunwar da ta biyo. Duk muhawarar da maza suka yi, ban ji wanda ya yi tambaya mai nauyin tata ba.

Sai da na yi nisa a karatu na san cewa Asoka ba ƙirƙira ba ne. Sarki ne na daular Mauriya, ya ci Kalinga, inda jihar Odisha take a yau, wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi da kansa ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, ya kuma bayyana baƙin cikinsa. Rubutun ya yi ƙarnoni ba mai iya karanta shi, sai a 1837 wani Bature, James Prinsep, ya warware haruffan. Da'irar da ke tsakiyar tutar Indiya mai layi 24, da zakunan da ke tambarin ƙasar, daga ginshiƙin da ya kafa a Sarnat aka ɗauko su. Soyayyar da fim ya gina labari a kanta ado ne na masu fim. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ɗan farautarmu bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Asoka bai mayar wa mutanen Kalinga ƙasarsu ba, kuma a cikin rubutun nadamar ma ya gargaɗi mazauna daji cewa har yanzu yana da ƙarfin hukunta su. Wannan rubutu na nadama an same shi a wurare masu nisa, amma ba ya cikin waɗanda aka sassaƙa a Dauli da Jaugada, wato a ƙasar Kalinga kanta. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya hango abin da masana tarihi ke muhawara a kai, daga kallo ɗaya a kan buhun taki.

Ni dai hukuncina a kan fim ɗin bai sauya ba. Ya auna wa takobi da tiya, ya auna wa nadama da gwangwanin madara. Kusan awa uku ana nuna kyan sara da suka, da kiɗa mai motsa jini, sannan 'yan mintoci a ƙarshe a ce duk wannan kuskure ne. Shekarun da sarkin ya yi bayan haka yana haƙa rijiyoyi, yana dasa bishiyoyi a bakin hanya, yana tanadar magani ga mutane da dabbobi, ba a nuna ko ɗaya ba. Abin da fim ya bari, ƙauyenmu ne ya cike shi da bakinsa. Kuma ina ganin ba banza ba muka iya. Mutanen da gonakinsu ke manne da juna ba su da inda za su gudu bayan faɗa. Wanda ka fasa wa kai yau, gobe a sahu ɗaya za ku tsaya, ƙanwarsa tana auren yayanka, kuma idan damina ta faɗi shanunsa za ka ara ka yi huɗa. Haƙuri a wurinmu aiki ne mai tsari. Idan aka ci iyaka, mai unguwa zai fito da tsofaffin da suka san inda gambar asali take, a taka a ƙafa, a kafa sabuwa. Idan shanu suka bar burtali suka shiga wake, a je a ga ɓarnar da ido, a yanka abin da za a biya, in ta gagara a kai wa dagaci. Bayan girbi kuma Fulanin nan su ake roƙo su sauka a gona, su ci kara su bar taki, a kai musu dami, su aiko da nono. Ba a rasa masu zafin kai ba, amma an fi su yawa.

Da daminar da ta biyo baya wasu 'yan maza biyu suka yi cacar baki a kan kunya ɗaya, har ɗaya ya ɗaga fartanya. Wani yaro daga gonar gefe ya ɗaga murya, "Asoka, a jefar da takobin!" Dariya ta kama kowa har da mai fartanyar, ya sauke hannu, da yamma mai unguwa ya raba. Maganar ta zauna a bakin samari shekaru, duk wanda ya fusata a filin ƙwallo ko wurin dambe da ita ake sanyaya shi. Ba zan ce fim ya gyara halin kowa ba. Ya dai ba mu hanyar ce wa mutum ya isa haka ba tare da an kunyata shi ba.

Wannan zamani bai daɗe ba. Kaset ya ba faifan CD wuri, gidan kallo ya koma na ƙwallon Turai, muhawara ta koma tsakanin Arsenal da Manchester. Daga baya fassarar Algaita da makamantanta suka zo, Indiyawa suka koma magana da Hausa tsantsa, aikin yayanmu mai ba da ma'ana ya ƙare. Yanzu ana tura fim a waya a bakin kasuwa, yaro ya toshe kunnuwansa ya kalla shi kaɗai a ɗaki, ya ga kisa ɗari kafin barci, babu wanda zai tambaye shi me ya gani. Fina-finan sun fi na da yawa, hoton ya fi kyau. Abin da na rasa shi ne kallo ɗaya da gari guda zai yi, labarin ya tashi daga tabarmar yara ya hau dakalin dattawa, ya shiga zauren liman, ya kai tsakar gida, kowa ya sa masa abin da ya sani.

Tambayar kuwa ta fi ta da tsanani. A 2002 labarin yaƙi a ƙauyenmu na kakanni ne. Yau 'yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina sun matso iyakar Kano, kuma ba zan iya duban mutumin da aka ɗauke wa iyali na ce ya naɗe hannu ba. Kare kai daban, ramuwar da ba ta san iyaka ba daban, kuma a tsakanin biyun ne ake bukatar irin mutanen da suka san yadda ake jure zalunci ba tare da an zama azzalumi ba. Tsohonmu na NEPU ya rasu, Iya ta rasu, limamin ma ya rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗanda suka sha ɗauri da bulala a shekarun 1950 suna samari, wanda ya rage a cikinsu yau ya doshi casa'in ko ya haura. Mai karatu, idan akwai irinsu a unguwarku, ka ɗauki 'ya'yanka ku je ku gaishe shi, ka tambaye shi abin da aka yi masa da abin da ya hana shi ramawa, ka kuma naɗi muryarsa a wayarka.